Salamar Almasihu da Takardun Sulhu

Hakimai da dagatan ƙasar Bajju, malaman ikilisiya, iyayena mata 'yan Zumunta, da sauran jama'ar Fadan Kaje, lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan shiga magana.

Babu wanda ke zaune a nan da yake bukatar a karanta masa tarihin fitinar da ta tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan cikin Maris 1987 har wutarta ta kai Zariya da Funtuwa, ko rigimar kasuwar Zangon Katab ta 1992, ko abin da ya auku a Goska ranar jajibirin Kirsimeti na 2016, ko ɗalibin limancin nan da aka ƙone a gidan Fada a Fadan Kamantan cikin Satumba 2023, gama waɗansunku su ne suka haƙa kaburburan. Mas'alar da na zo da ita ita ce wadda na daɗe ina jayayya a kanta da hukuma, da kuma 'yan'uwana masu wa'azi: daga ina salama take fitowa, kuma wane ne yake da ikon ba da ita?

Hukuma dai ta ɗauka cewa a takarda take. Duk sa'ad da jini ya zuba sai a kira fastoci da limamai, a zaunar da su a babban ɗaki, a sa hannu, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. An yi haka a Kaduna cikin Agusta 2002, bayan wata uku aka yi tarzomar gasar sarauniyar kyau. An yi a Kafanchan cikin Maris 2016, inda al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar suka sa hannu, shekarar ba ta ƙare ba sai da Godogodo da Goska suka ƙone. Ban raina waɗanda suka yi wannan wahala ba, amma malamin addini ba ɗan kwana-kwana ba ne da za a tuna da shi sai gobara ta tashi.

Hujjata, wadda na san waɗansunku sun gaji da jinta daga bakina, ita ce labarin Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa. A faɗan da ya biyo bayan Zangon Katab a 1992, Wuye, wanda a lokacin jagora ne cikin samarin Kirista masu ɗaukar makami, ya rasa hannunsa na dama, shi kuwa Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, suka fara aikin sulhu tare, duniya tana yaba musu; alhali kuwa, kamar yadda Wuye ya sha faɗa da bakinsa, ya yi shekaru yana tafiya da mutumin nan, suna kwana masauki ɗaya, zuciyarsa tana raya masa ya hallaka shi. To, ku lura da wannan da kyau, domin a nan maganar take: yarjejeniya ta riga ta ƙullu, aiki yana tafiya, ana gayyatarsu taro, amma salama ba ta shiga ba tukuna. Abin da ya kwance ƙullin, bisa ga shaidarsa, gargaɗin wani mai wa'azi ne da ya nuna masa cewa bishara da ƙiyayya ba sa zama a zuciya ɗaya, har ya koma ga gicciye ya ajiye kayansa. Babu gwamnan da ya umarce shi, babu kwamitin da ya tilasta shi, hannun kuma bai dawo ba. Wannan ita ce salamar da bangaskiya take bayarwa, wadda takan zo wa mutum tun masifa ba ta wuce ba, kamar yadda ta zo wa Yusufu tun yana baƙo a Masar, kafin 'yan'uwansa su zo neman hatsi.

Masu cewa wa'azin gafara yana kashe wa jama'a zuciya, har a mai da su abin yanka, amsarsu gajeriya ce: gafara haƙƙin wanda aka zalunta ne, hukunci kuwa wajibin hukuma ne, ɗaya ba ya soke ɗaya. Gwauruwar da ta yafe ba ta sallami alƙali daga aikinsa ba. Su kuwa 'yan'uwana da ke hawa bagade da labarin yaƙe-yaƙen Joshuwa duk ranar Lahadin da ta biyo bayan hari, ina roƙonsu su tuna cewa samarin da ke sauraronsu ba tafsiri suke ji ba, izini suke ji.

Akwai kuma maganar da ba a son ji a wannan yanki, amma tilas in faɗa. A tarzomar bayan zaɓen Afrilu 2011, wadda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ta ci rayuka fiye da 800 a Arewa, yawancin waɗanda aka kashe a Zonkwa da Matsirga, nan kusa da mu, Musulmi ne. Ikilisiyar da ke kuka a kan Goska, ta yi shiru a kan Zonkwa, ba ta da bakin neman adalci a wurin kowa, kuma ba na tsammanin za ta sami natsuwar da take roƙo a addu'a, gama tuba yana gaba da salama.

Saboda haka abin da nake nema tsoho ne. Kowace majami'a ta rubuta sunayen waɗanda aka kashe a gundumarta, Kirista da Musulmi, Bajju da Hausawa da Fulani, a riƙa karanta su cikin sujada sau ɗaya a shekara. Makarantar tauhidi ta Kagoro da sauran wuraren horon malamai su sa sulhu cikin darussan wajibi, a jarraba ɗalibi a kansa kamar yadda ake jarraba shi a kan wa'azi. A daina barin 'yan Zumuntar Mata a wajen murhu ranar taro, alhali su ne suka ciyar da 'yan gudun hijira, su ne kuma suka fara komawa kasuwa suna ciniki da matan Fulani. Mu kuma malamai, idan aka sake kiranmu mu sa hannu a sabuwar takarda, mu fara tambayar hukuma abin da ta yi da rahoton kwamitin Sheikh Ahmed Lemu na 2011 kan tarzomar bayan zaɓen nan, da mutum nawa aka hukunta a kansa.