Gurbin Da Ba A Cike Ba: Jawabi Ga Taron Ɗalibai



Maganar da na zo da ita yau ƙarama ce a ido, amma tana iya hana talaka haƙƙinsa. Mu ɗauka an ba ɗayanmu aikin rubuta sunayen manoman Sakajiki, a ƙasar Kaura Namoda, domin rabon takin zamani. Kowa ya san suna ba ya rarrabe mutane a ƙasarmu, domin a unguwa guda sai a sami Muhammadu Sani biyar. Saboda haka sai a dogara ga lambar ɗan ƙasa mai alƙaluma 11, wadda hukumar NIMC, da aka kafa a 2007, take bayarwa. Sai a umarci kwamfuta da kalmar UNIQUE, wato kada ta karɓi lamba ɗaya sau biyu.

To, amma ina labarin dattijon da bai taɓa zuwa yin rajista ba? Gurbin lambarsa zai zauna babu komai, abin da masana harshen SQL suke kira NULL. Ma'anarsa ita ce "ba a sani ba", kuma ba daidai yake da sifiri ba. A ƙa'idar wannan harshe, abu biyu da ba a sani ba ba a cewa daidai suke.

A nan ne manhajoji suka rarrabu. PostgreSQL da MySQL suna barin gurabe marasa lamba ko nawa ne. Sakamakon haka, mai son zuciya yana iya shigar da mutum guda sau uku, ya bar gurbin a buɗe, ya kwashi buhu uku. Ita kuwa SQL Server ta kamfanin Microsoft, gurbi ɗaya tak take yarda a bari. Manomi na biyu da ba shi da lamba sai ta ƙi shi, ya koma gida hannu rabbana. Ta farko ta buɗe wa ɓarawo ƙofa, ta biyu ta rufe wa mai gaskiya.

Wani akawun kan yi dabarar cike gurbin da sifiri 11. Wannan ƙarya ce aka rubuta a littafin hukuma, kuma da an zo kan mutum na biyu sai kwamfuta ta ce an riga an rubuta shi.

Mafita uku nake ba da shawara. Na farko, rajistar ta ba kowane manomi lambarta ta kanta, wadda ba ta jiran wata hukuma. Na biyu, a taƙaita dokar hana maimaici ga waɗanda suke da lambar ɗan ƙasa kaɗai. SQL Server ta samar da hanyar yin haka tun fitowarta ta 2008. Na uku, marasa lamba a gwada sunansu da na mahaifi da unguwa, sa'an nan mai unguwa ya shaida su ido da ido.

'Yan'uwa, gobe mu ne za mu zauna a ofisoshin Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi. Kafin ku karɓi kowace rajista, ku tambayi wanda ya tsara ta: me take yi da wanda ba shi da lamba? Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.