Ile-Ife, Inda Yarbawa Suka Ce Duniya Ta Faro

Jama'a, duk mazaunin Ikko ko Badun ya kamata ya san abin da masu masaukinsa ke faɗi game da asalin duniya.

Yarbawan dā sun ce da farko ba kome sai ruwa. Olodumare ya aiko Obatala ya kafa ƙasa, amma ya sha bammi, barci ya kwashe shi. Sai Oduduwa ya sauko ta sarƙa, da rairayi cikin katantanwa, da kaza mai yatsu biyar. Ya zuba, kaza ta yi ta tono tana bazawa har tudu ya samu. Wurin nan shi ne Ile-Ife.

Musulmi ba ya gaskata wannan. Amma baƙon da ya yi wa labarin dariya a kasuwa, sarautar Ooni ya taɓa, domin kujerar Oduduwa ce yake kai.