Haƙƙin Ƙudan Zuma A Kan Manomi Mai Feshi



Godiya da yabo sun tabbata ga Allah (S.W.T.), wanda ya fitar da tsiro daga busasshiyar ƙasa, ya hore wa ɗan Adam ma'aikatan da ba ya biyan su lada. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, wataƙila wani zai ce, me ya haɗa majalisin wa'azi da ƙudan zuma? Sai mu ce masa, Allah ya ambaci sura guda da sunan wannan halitta, wato Suratun Nahli, sura ta 16, kuma a ayoyi na 68 da 69 ya ba da labarin yadda ya shiryar da ita, da warakar da ya sanya a cikin zumarta. Sannan Abu Dawuda da Ibn Majah sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya hana kashe halittu huɗu, daga cikinsu akwai tururuwa da alhudahuda da ƙudan zuma. Ashe ke nan magana ce ta hukunci, kuma da yawa daga cikinmu manoman rani ne da ke saɓa mata da famfon feshi a bayansu, ba tare da sun sani ba.

Mu fara da sanin aikin da ƙudan zuma yake yi mana. Kankana da kabewa da kokwamba da gurji, kowannensu yana fitar da fure iri biyu, namiji daban, tamata daban. Garin furen namijin yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa, dole sai ƙwaro ya kai shi. Furen kankana kuwa yini ɗaya yake yi, ya buɗe da safe, ya rufe kafin yamma. In ƙudan zuma bai ziyarce shi isasshiyar ziyara a wannan ɗan lokaci ba, sai ɗan ya zube, ko ya fito a karkace. Haka mai neman irin albasa yake bukatarsa. Wani bincike da aka buga a 2007 ya nuna cewa 87 daga cikin manyan amfanin gona 115 na duniya suna ƙaruwa da irin wannan hidima.

To, ina illar take? Magungunan ƙwari da muke fesawa ba su san aboki da maƙiyi ba. Wasu, irin su saifametirin, suna kashe ƙudan zuma da zarar sun taɓa shi. Wasu kuwa, dangin da masana suke kira niyonikotinoyid, wanda imidakulofirid na cikinsu ya shiga kasuwa a 1991, tsiro ne yake shanye su, su bi jikinsa har cikin ruwan fure da garinsa. Kaɗan daga cikinsu ya isa ya rikita ƙwaƙwalwar ƙudan zuma ya ɓace hanyar amya, wanda ya samu komawa kuma ya kai wa 'ya'ya abinci mai dafi.

Waɗanda suka ƙera magungunan sun ɗanɗana kafin mu. A 1999 Faransa ta dakatar da yin amfani da imidakulofirid a kan irin furen nan mai bin rana. A 2008, a kudu maso yammacin Jamus, ƙurar maganin da aka shafa wa irin masara ta yi ɓarna a amya fiye da 11,000. A 2013 Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da uku daga cikin wannan dangi, a 2018 kuma ta hana su a fili gaba ɗaya. Alhali kuwa ga su nan ana sayarwa a kasuwanninmu. Ba mu ce su kaɗai ne musabbabi ba. Ƙona daji da sare itatuwa da cire zuma ta hanyar babbake amya duk suna da kasonsu.

'Yan'uwa, kada a fahimce mu a baibai. Ba mu ce feshi haramun ne ba, domin kare dukiya yana daga cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don tsare su, kuma ƙwaro mai cutarwa ya halatta a kawar da shi. Abin da shari'a ta hana shi ne mutum ya cuci kansa ko ya cuci waninsa. Wanda ya yi feshi da hantsi alhali gonarsa tana fure, ya rage amfaninsa da hannunsa. In kuma sakacinsa ya halaka amyar maƙwabcinsa, ya lalata dukiyar ɗan'uwansa, kuma malaman fiƙihu sun ɗora lamuni a kan mai lalata dukiyar wani.

Saboda haka muna yi wa kanmu wasiyya da abubuwa biyar. Na farko, kada mu yi feshi sai mun duba mun ga ƙwarin da ke ɓarna, mun kuma nemi shawarar malaman gona. Na biyu, mu ƙaurace wa feshi a lokacin da amfani yake tsakiyar fure; in ya zama dole, a yi shi gab da faɗuwar rana, bayan ƙudan zuma ya koma gida, kuma a nisanci magungunan da tsiro yake shanyewa. Na uku, mu tsaya a kan ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalba, kada mu ninka, kada mu gauraya bisa zato. Na huɗu, mu sanar da masu amya da ke kusa tun da wuri, kada mu yi feshi cikin iska, kada mu wanke famfo a ruwan da ƙudan zuma yake sha. Na biyar, 'yan'uwanmu masu sayar da magani su ji tsoron Allah, su daina ɗura shi a kwalaben da babu bayani.

Mun daɗe muna kira da a gabatar da ilimi a kan aiki. Wannan ƙa'ida ba ta tsaya a ƙofar masallaci ba, tana bin mu har fadama. Muna roƙon limamanmu da masu wa'azi su isar da wannan saƙo kafin shukar rani ta yi fure.

Allah ya sanya albarka a gonakinmu, ya gafarta mana abin da muka ɓata bisa jahilci, amin.