SHIRI NA 23: Waƙoƙi, littattafan zane, da tambayar da ƙanena ya yi mini

Waɗanda data ta yi wa ƙaranci ba su samu sauraren sautin ba, ga rubutun shirin kamar yadda muka saba sakawa. Daga nan Argungu nake magana.

Yau ba zancen siyasa, ba zancen rabon taki. Littattafai za mu taɓa. Na san wani zai ce, kai ɗan'uwa, ana fama da tsadar abinci kana kawo mana zancen waƙa da zane? Ka ba ni minti goma sha biyar, in ka ga ban yi maka amfani ba ka wuce abinka.

Abin da ya jawo wanga shiri wani ƙanena ne, shekararsa goma sha uku. Daga makaranta aka aiko cewa yaron ba ya son karatu. Inna ta ce in bincika shi. Na ɗauko jakarsa, na buɗe littafin lissafi, sai na tarar bayan kowane shafi zane ne. Naruto, Luffy, da wasu da ban san sunansu ba. Na tambaye shi ina ya san su, ya ce a wayar abokinsa yake karantawa. Da Turanci fa, shafi bayan shafi, har ya haddace wane ne ya koyar da wane, wane gari ya yaƙi wane. Yaron da aka ce ba ya karatu ke nan.

Ranar Asabar na ja shi muka tafi Gidan Tarihi na Kanta. Daga gidanmu tafiyar ƙafa ce, amma bai taɓa leƙawa ba. Ya ga masu da takubba, ya ga tambura, ya ga kayan su. Aka ba shi labarin Kanta da Surame. Muna fitowa sai ya ce da ni: "Yaya, shi wanga Kanta ina littafinai? Ina son in ga kamannunai."

Wallahi jama'a ban samu abin ce masa ba. Ni da na yi jami'a, nake yawo ina tara matasa ina cewa mu san kanmu. Tun ranar na shiga neman abin da zan miƙa masa, kuma abin da na samo shi zan baje muku yau, da daɗinsa da rashin daɗinsa.

Mu fara da waƙa, don nan ne muke da jari.

Littafi na farko shi ne Fasaha Aƙiliya, na Alhaji Aƙilu Aliyu, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a shekarun 1970. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka Bakano ne, saboda a Kano ya yi suna, kuma ya daɗe a Borno. To mutumin Jega ne, nan jihar Kebbi. An haife shi a 1918, ya rasu a 1999. Namu ne, gida bai ƙoshi ba aka kai dawa. Abin da zan roƙe ku, kada ku karanta shi a zuci kamar takardar jarrabawa. Ku ɗaga murya. Mutumin nan yana wasa da harshe kamar yadda gwanin kwale-kwale ke wasa da filafili a Matan Fada, kalma ta bugi kalma, ka ji amon tun kafin ka gama kama ma'anar. Ku fara da Hausa Mai Ban Haushi, inda ya yi kaca-kaca da masu raina harshensu don sun iya ɗan Turanci. Na karanta ta a majalisarmu da dare, wani abokina da ba ya iya jimla ɗaya bai tsoma Turanci ba ya yi shiru, daga baya ya ce da shi ake. Gaskiya akwai kalmomi masu tsauri a ciki. Ni kaina sau da yawa sai na koma wurin tsohonmu ya warware mini, kuma hirar da muka yi ta dalilin haka ta fi duk wadda muka yi a shekarar nan.

Na biyu na 'yan'uwa mata ne musamman, amma maza ma ku nema. Alƙalami a Hannun Mata, waƙoƙin Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu, an buga shi a 1983. Matan nan biyu na Kano sun yi waƙa a kan al'amuran yau da kullum, neman ilimi, lafiya, da abin da gwamnati ke son jama'a su gane. Abin da muke kira wayar da kai yau, muna buga fosta muna neman tallafi, su da baiti suka yi shi shekaru arba'in da suka wuce. In wani ya ce miki rubutu ba na 'ya mace ba ne, ki miƙa masa wanga littafi, ki kuma tuna masa da Nana Asma'u. Wasu waƙoƙin za ka ji sun tsufa, don shirin gwamnatin da aka yi su dominsa ya wuce. Amma hanyar da suka bi ba ta tsufa ba.

Ga 'yan gwagwarmaya irina kuma, Waƙoƙin Sa'adu Zungur wajibi ne. Ya rasu tun 1958, kafin a samu 'yancin kai, amma ka karanta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ka gaya mini ko gargaɗin ya daina aiki. Ba zan daɗe a kansa ba, don na taɓa yin shiri guda a kai.

Sai na zamaninmu, kuma a nan dole in faɗi gaskiya: biyun da suka fi taɓa ni da Turanci aka rubuta su. Ɗaya shi ne The Poet of Dust na Umar Abubakar Sidi, ɗan Sakkwato, matuƙin jirgi mai saukar ungulu a rundunar sojan ruwa. Ya fito a 2019. Wanga littafi ba ya tafiya a miƙe. Kamar mafarkin mai zazzaɓi yake, Sufaye da mawaƙan duniya da ƙurar Sahel duk a tukunya ɗaya. Karatun farko na ajiye shi na ce mutumin nan wasa yake da hankalina. Karatu na biyu na bar neman ma'anar kowane layi, na bi sautin, sai ya buɗe mini. In kai mai son a gaya maka darasi ne a ƙarshen kowace waƙa, zai ba ka haushi. In kana son ka ga iyakar inda ɗan Arewa zai iya kai tunaninsa, ka neme shi.

Ɗayan kuma Your Crib, My Qibla na Saddiq Dzukogi, ɗan Minna, wanda ya fito a Amurka a 2021, ya kuma shiga ukun ƙarshe na gasar adabi ta NLNG a 2022. Waƙoƙi ne da uba ya rubuta bayan rasuwar ƙaramar ɗiyarsa. Jama'a, mu nan an koya mana namiji ba ya kuka a bainar jama'a, a yi ta'aziyya kwana uku a ce a yi haƙuri, shi ke nan. Gida nawa ne a garin nan ba a binne yaro ba? Uba nawa ne ya taɓa buɗe baki ya faɗi abin da ke cinsa? Wanga bawan Allah ya faɗa, kuma bai saki imaninsa ba. Na ba wani yayanmu da ya rasa ɗa bara. Bayan sati biyu ya maido mini, bai ce komai ba, sai ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

To mu koma kan ƙanena, don shi ba waƙa ya tambaya ba. Littafin zane yake so, abin da samari ke kira komik, labari cikin hotuna da 'yar magana a gefen bakin kowane mutum.

Mafi kusa da mu da na samu shi ne Malika: Warrior Queen na Roye Okupe, ɗan Legas mazaunin Amurka, mai kamfanin YouNeek Studios. Ya fara fitowa a 2017, daga baya kamfanin Dark Horse na Amurka ya sake buga shi. Labarin wata sarauniya ce jaruma a wata ƙagaggiyar daula mai suna Azzaz, a ƙarni na 15, kuma daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau aka ɗauko hasken. Akwai dawaki, akwai makircin fada, akwai takobi mai ƙarfin sihiri, har da rundunar da ta taso daga ƙasar Sin. Zanen ya yi kyau ƙwarai, ba ƙarya. Ƙanena ya cinye shi a dare ɗaya, da safe ya tambaye ni ko Amina ta taɓa zuwa Kabi. Kun ga an fara samun abin da ake so.

Amma ni da na karanta sai na ji wani abu ya rage. Kayan jikinsu, yadda suke gaisawa, yadda fada take, duk ka san daga nesa aka hango mu. Babu ƙamshin gida. Ban ga laifin Okupe ba ko kaɗan, shi ya yi nasa, ya ma yi mana abin da mu ba mu yi wa kanmu ba. Yana da wani kuma, Iyanu, labarin wata marainiya mai baiwa, wanda ya gina a kan al'adun Yarabawa, har an mai da shi katun an fara nunawa a Cartoon Network a 2025. A nan za ka ji mutum yana cikin gidansu, ya san kowane lungu. Bambancin ke nan tsakanin mai gida da baƙo. Akwai kuma Comic Republic na Legas, da suke sakin komik ɗinsu kyauta a shafinsu na intanet, ga wanda aljihunsa bai kai ba.

Zancen aljihu kuwa, na shiga shagunan littattafai a Birnin Kebbi, abin da na tarar littattafan jarrabawa ne da na makaranta. Malika sai da na roƙi wani abokina mai zuwa Abuja ya taho mini da shi, kuɗin kuwa sai da na ji a jikina. Tsofaffin littattafan waƙa ma sai ka dace, ko ka samu wurin malaman Hausa na kwalejin ilimi. Kuma ko ɗaya cikin littattafan zanen nan babu na Hausa.

Iyaye za su ce, ba ma son labarin tsafi da aljanu. Damuwarku tana kan hanya, kuma shawarata ku duba kowane littafi kafin ku ba yaro, don wasu na Japan ɗin sam ba na yara ba ne. Amma mu tuna, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara tun 1934 suke, cike da aljanu da abin mamaki, kuma da su aka koya wa kakanninmu karatun boko. Iliya Ɗan Maiƙarfi ma haka. Almara ba baƙuwarmu ba ce. Mai zana ta ne muka rasa.

Ku dubi abin da ke ajiye a garin nan. Tarihin baka ya ce Kanta ya taso cikin makiyaya, babu mai kai bayansa ƙasa a kokawa ko dambe. Ya bi Askiya na Songhai yaƙi, aka saɓa a kan rabon ganima, ya ɓalle ya kafa tasa daula a farkon ƙarni na 16, kuma rundunar Askiya ta kasa maido shi. Ya gina Surame da ganuwar dutse, kufanta na nan har yau. An ce waɗanda suka makara zuwa aikin ganuwa, da man kaɗe aka sa su kwaɓa ƙasa maimakon ruwa. An ce yana da jirgin ruwa da aka lulluɓe da tagulla. Ga Sarkin Ruwa, wanda kowa a nan ya tashi da jin cewa sai ya yi magana da kadoji kafin masunta su faɗa Matan Fada. Bikin kamun kifin da aka faro a 1934, UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Da a Japan wanga kaya yake, da yanzu yaranmu na nan suna zana shi a bayan littafin lissafi.

Don haka ga abin da na ƙudura, kuma ina neman abokan tafiya. Littattafan nan da na lissafa suna hannuna, zan riƙa ba da aro, sati biyu a maido. Kowace Asabar bayan la'asar za mu zauna, a karanta waƙa ɗaya da murya, a tattauna. Sannan ina neman mutum uku: mai iya zane, mai iya rubuta labari da Hausa, Hausarmu ta Kabi ba ta aro ba, da dattijo ko malamin tarihi da zai tsare mu kada mu yi wa Kanta ƙarya. Shafi takwas kawai za mu fara da shi, baƙi da fari, mu kai shagon hoto-kwafi. In ya yi muni, na biyu zai fi shi. Ƙanena ya riga ya zana Kanta sau huɗu. A na farko ya yi masa gashi irin na Naruto, na ce a'a, koma ka sake duba rawani.

Wanda ke da sha'awa ya turo saƙo ta akwatin shafin nan. Wanda kuma ya san wani littafin waƙoƙin Hausa na matasan yanzu da ya burge shi, ko wani ɗan Arewa da ke zana komik da Hausa, don Allah ya sanar da ni, in nema in karanta, in kawo muku a shiri na gaba.

Allah ya bar zumunci, ya shirya mana ƙannenmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.