Zomo da gashinshi: jawabin malamin dabbobi a Matamai

Wani malamin dabbobi ya yi ma ɗaliban yaƙi da jahilci na Matamai jawabi bisa kiwon zomo. Maza da mata sun zo, har da yara, don a gidaje da yawa yara ne ke kula da zomaye. Ga abin da ya ce.

Zomo yana sake gashi. Zubar gashin ta fi yawa in ɗari ya wuce, bazara ta shigo. Wannan ba ciwo ba ne. Amma zomo dabba ne mai tsabta. Kullum yana lasar jikinshi, yana haɗiye gashi. Kyanwa in ta haɗiye gashi tana amayar da shi. Zomo kuwa ba ya iya amai. Duk abin da ya haɗiye, sai ta kashi zai fita.

To, me ke tura gashin waje? Ciyawa da harawa da ruwa. Da, ana zaton gashi ne ke fara toshe ciki. Yanzu likitocin dabbobi sun gano hanji ne ke fara rage aiki, saboda ƙarancin ciyawa, ko ƙishirwa, ko tsananin zafi, ko wani ciwo. Sannan gashi ya cakuɗa da abinci, ya dunƙule, ya bushe a cikin tumbi. Zomon da ake ƙosar da shi da dusa da hatsi kaɗai yana cikin haɗari.

Malamin ya ba da shawara 5:

1. Kada ciyawa ta yanke ma zomo, dare da rana. A haɗa mishi da harawar gyaɗa ko ta wake, da ganyen dankali daga garka. Dusa kaɗan ta isa.
2. Kada a ba shi harawa mai fumfuna, ko ganyen da aka fesa ma maganin ƙwari.
3. A ajiye mishi ruwa mai tsabta kullum. Masu cewa zomo ba ya shan ruwa sun yi kuskure.
4. Lokacin zubar gashi, a jiƙa hannu a shafe shi daga wuya zuwa gindi, sau ɗaya kowace rana. Gashin zai manne ma hannu. Kada a yi mishi wanka, kada a ɗaga shi ta kunne.
5. A ajiye akurkinshi a inuwa, inda iska ke shiga.

Ya ce kowace safiya a duba kashin zomo. In ya fito a jere kamar carbi, gashi ya haɗa shi, to a ƙara ciyawa da shafa. In kashin ya ƙanƙance ko ya tsaya, zomo ya ƙi ci har awa 12, a kai shi wurin malamin dabbobi ran nan. In aka yi jinkiri yana iya mutuwa cikin kwana 1 ko 2.

Wata dattijuwa ta ce: "Malam, tawa zomanyar figar gashin cikinta take yi da baki."

Ya ce: "Inna, albishirinki, haihuwa ta kusa. Cikin zomanya wajen kwana 31 ne. Sheƙa take yi ma ƴaƴanta, don ba su da gashi in an haife su. Kada ki share gashin nan."

Ya kuma ja kunnen jama'a bisa ƙazwa. In gashi ya zube, fata ta yi ɓawo a kunne ko hanci ko ƙafa, zomo yana ta susa, wannan ciwo ne mai yaɗuwa. A ware shi daga sauran, a nemi magani a ma'aikatar kiwo.

Daga ƙarshe ya roƙi waɗanda suka iya karatu su karanta ma maƙwabtansu da yaransu wannan bayani. Ya ce zomanya guda in ta mutu, an yi asarar ta da ƴaƴan da za ta haifa. Rigakafi ya fi magani.