Gwajin da Bai Kai Ko'ina Ba

Mai gyaran babur a tashar Gwarzo ba ya miƙa maka makulli sai ya hau ya zaga gari. To ita manhajar kwamfuta, yaushe ake cewa an gama gwada ta?

Ranar 4 ga Fabrairun 2023, hukumar zaɓe ta INEC ta gwada na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS a rumfuna 436, sha biyu a kowace jiha, huɗu a Abuja. Aka ce komai lafiya. Ranar 25 ga wata, ranar zaɓe, daga Getso har Garo mutane suka dangwala yatsa, aka ƙirga ƙuri'a a gabansu. Sakamakon 'yan majalisa ya riƙa hawa shafin IReV da hukumar ke ɗora sakamako, na shugaban ƙasa ya ƙi. Rahoton hukumar ya ce an tsara manhajar ne ta ajiye kowane sakamako ƙarƙashin jiharsa, alhali zaɓen shugaban ƙasa ba na jiha ɗaya ba ne. Takardar farko ta zaɓen shugaban ƙasa ba ta hau ba sai ƙarfe 8:55 na dare.

A ganina gwajin bai ƙare ba aka saki kayan. Da an tura takardun zaɓen shugaban ƙasa da na 'yan majalisa tare tun ranar gwaji, da matsalar ta fito saura mako uku.