Ina Ungulayen Kasuwarmu Suka Tafi?

  Ni ma'aikaciyar lafiya ce, aikin jinya na karanta, kuma kun saba jin maganar rigakafi da gidan sauro daga bakina. Yau kuwa da maganar tsuntsuwa na zo, wadda babu mai yabonta, wato ungulu.

Duk wanda ya haura shekara arba'in a cikinku zai tuna yadda kwata take a da, ko a Maraɗi ko a Jibiya, ko a Ƙonni ko a Illela. Kafin mahauta su gama fiɗa ungulaye sun jeru bisa katanga suna jira. Abin da aka zubar da hantsi, kafin azahar babu shi. Jaki ya mutu a bayan gari, kwana ɗaya sai ƙashi. To, ku tambayi kanku: yaushe rabonku da ganin ungulu goma wuri ɗaya? Yaranmu da yawa a karin magana kaɗai suka san ta. Tun shekarar 2015 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta sa irin ungulun nan tamu ta cikin gari a sahun waɗanda ke dab da ƙarewa.

Wani zai ce, to sai me? Ƙazamar tsuntsuwa ta tafi, ai an huta. Ku saurara. Babu wata halitta da ke zaune ita kaɗai. Kowacce akwai abin da take ci, akwai mai cin ta, akwai kuma wanda take tsare wa hanya. Mushe abinci ne, kuma abinci ba ya rasa mai ci. Idan ungulu ba ta zo ba, wani zai zo, kuma lafiyarmu ta rataya ne a kan wane ne wannan wanin.

Ungulu an halitta ta don wannan aiki. Ruwan cikinta yana da tsananin tsami, har yakan narkar da akasarin ƙwayoyin cutar da ke cikin ruɓaɓɓen nama. Tana hangen mushe daga sama, ta sauka da 'yan uwanta, su cinye shi tun ƙuda bai gama yin ƙwai ba. Da ma an ce ungulu ba ta jewar banza. Kare ba haka yake ba. Yakan ci ya rage, ya ja sauran zuwa inuwa, ya yi faɗa da wani karen a kansa, su ciji juna, sa'an nan ya dawo cikin unguwa inda 'ya'yanmu ke wasa. A Kenya masana sun gwada abin: suka ajiye mushe inda ungulu ke sauka, suka ajiye wani inda suka hana ta. Wanda aka hana ta ya ɗauki kusan ninki uku na lokaci kafin ya ƙare, dabbobi masu ƙafa huɗu da suka taru a kansa su ma suka ninka sau uku.

Mutanen Indiya sun ga wannan da idonsu. Ƙasa ce mai shanu ba iyaka, kuma yawancinsu ba sa cin naman saniya, saboda haka ungulaye miliyoyi ne ke share musu mushe. Daga shekarun 1990 sai ungulayen suka fara zubewa, har fiye da kashi 95 cikin ɗari suka mutu. Sai a wajajen 2004 aka tabbatar da dalili: wani maganin ciwon jiki ne mai suna diklofenak da ake yi wa shanu allurarsa. Idan saniya ta mutu da maganin a jikinta, ungulun da ta ci sai ƙodarta ta lalace cikin 'yan kwanaki. A 2006 aka haramta ba dabbobi maganin, amma ɓarna ta riga ta auku. Mushe ya yi ta ruɓewa a bakin ruwa, karnukan da ba su da ubangida suka ƙaru da miliyoyi. Wani bincike da aka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa tsakanin 2000 da 2005 rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane kusan rabin miliyan. Ku masu sayar da maganin dabbobi, wannan naku ne: akwai wani mai suna meloksikam da ke yin aiki iri ɗaya, kuma ba ya kashe ungulu.

A nan wajenmu abin da ke cinye ta daban ne. Makiyayi ko manomi yakan barbaɗa maganin ƙwarin gona a kan mushe don ya kashe dila ko kura ko karen da ya addabe shi, sai ungulaye su riga su sauka, su mutu gaba ɗaya. Ana sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai, su kuka da tsamiya da giginya. Akwai kuma abin da muka sani muke kau da kai: ana sayar da kanta da ƙwanta da ƙafarta a rumfunan magani, ana ƙetara iyaka da su cikin buhu. A Gini Bisau, a shekarar 2020, an tsinci gawar ungulaye kusan 2,000 da aka kashe da guba, da yawa an cire musu kai. Ba na zo in ci mutuncin sana'ar kowa ba ne, amma a matsayina na mai jinya dole in faɗa: kan da aka samo ta hanyar guba, gubar tana iya biyo shi har cikin tukunyar wanda ya saya. Kuma ungulu ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Wadda aka kashe yau, ba a mayar da gurbinta baɗi.

Me ya sa ni mai allura na damu? Bara aka kawo mini wani yaro ɗan shekara bakwai, ɗan tallan ruwa. Kare ya cije shi a juji bayan kwata wata biyu kafin nan. Raunin ƙarami ne, aka shafa toka, ya warke, aka manta. Ranar da aka kawo shi, ko kofin ruwa aka miƙa masa sai ya firgita, maƙogwaronsa ya shaƙe. Babu abin da na iya yi masa sai riƙe hannun mahaifiyarsa. Ciwon haukar kare idan ya bayyana kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Karnukan jujin nan, abin da ungulu ke ci a da shi ya tara su.

Tunda mai share mana ta yi ƙaranci, aikinta ya dawo kanmu. Mahauta, sauran tumbi da jini a haƙa musu rami a rufe kowace rana, domin ƙudan da ya sauka a kansu shi ne zai sauka a kan tsire da fura, ya bar wa yara gudawa da atini. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, cikinta ya kumbura, baƙin jini marar daskarewa na fita ta hanci ko ta dubura, kada a yi saurin sa mata wuƙa don tsoron asara. Alamar ciwon saifa ce, wanda likitoci ke kira antaraks, kuma yana kama mai fiɗa da mai jima da mai ci. Ƙwayarsa takan yi shekaru da dama a cikin ƙasa tana jiran wata dabbar. Kada a feɗe ta, a kira malamin dabbobi, a ƙone ta ko a binne ta a rami mai zurfin gaba guda ko fiye, nesa da rijiya.

Idan kuma kare ya ciji wani, ko da ƙarzane ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har tsawon minti 15, sa'an nan a nufi asibiti ran nan, ba gobe ba. Allurar tana hana ciwon muddin an fara ta kafin alamu su fito, kuma sai an cika adadinta. Wanda aka ciza a wancan gefen iyaka ya fara a can, ya riƙo katinsa ya ƙarasa a nan.

Ina nan a rumfarmu kusa da masu hatsi har la'asar. Mai tambaya, ko wanda ya san itacen da ungulu ke sheƙa a ƙauyensu, ya biyo ya same ni.